Kafaɗar Dewey Tackett

Harlow Bend, Montana
Tsakiyar Yuni, 1978

Ɗan'uwana Leland,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Corinne da yara. Mu nan sai godiya. Berniece ta warke daga ciwon ƙafar nan har ta koma yi mini faɗa, ka ga lafiya ta samu ke nan. Ni kuwa kunnen hagu ya gama mutuwa, injin fasa dutse ya cinye shi, saboda haka kada ka sake cewa in kira ka a waya. Maganar waya iska ce. Abin da mutum zai faɗa mini, ina son in ga sa hannunsa a ƙarƙashi.

An buɗe kakar wasa ranar Asabar, fili ya cika maƙil. Na sa an sake wa katanga fenti, kuma babu allon talla ɗaya da ya rage, har mai sayar da akwatin gawa ya karɓi nasa. Gugguru ya ƙare tun wasa bai yi nisa ba. Da mahaifinka yana raye, Allah ya ba shi hutu, da ya ga kulob ɗin besbol da ya kafa bai faɗa hannun banza ba.

Amma bari in yi ƙorafin da na saba, ko na huce. Ni da tipa ɗaya ta haya na fara, ban gama sakandare da wata takardar kirki ba, yau ramin tsakuwa da motocin da ke cikinsa duk nawa ne har ƙusa. Sai wannan kulob. Kaso biyu cikin uku nawa ne, ɗaya naka, amma ko ɗan wasa ɗaya ba mu da shi. Babban kulob na can wajenku ne yake aiko yara mu rena masa, shi yake biyansu, shi yake biyan koci, ranar da ya ga dama ya ɗauke wanda ya ga dama. Abin da na mallaka suna ne, da riguna, da motar safa, da lasifika, da tukunyar gugguru. Wannan wane irin kasuwanci ne?

Bana dai sun yi abin kirki. Sun aiko wani dogon bahago ɗan Oklahoma, Dewey Tackett, mai jifa. Leland, ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. Ƙwallo takan wuce, mai sandar dukan ƙwallon yana tsaye kamar wanda yake jiran mota. Da aka zo raba 'yan wasa gidajen mutanen gari yadda aka saba, ni na ɗauke shi. Yana cin abincin mutum uku. Berniece ta ce masa, "Ɗana, a Oklahoma ba a girki ne?" Ya ce, "Ana yi, Mama, amma yawa gare mu a gida, sai mai dogon hannu yake ƙoshi." Ni kuma Baba yake kirana. Da aka ji shi zai yi jifa ranar Asabar ɗin, har daga ƙauyukan bayan kogi aka zo.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Yarjejeniyarmu da babban kulob za ta ƙare a Satumba. Idan ba su sabunta ba, babu 'yan wasa, babu kulob a Harlow Bend, sai dai a saki shanu a filin. Kai ne lauya, kai ne gari ɗaya da su, kai kake cin abincin rana da Mista Renfro mai kula da ƙananan kulob ɗinsu. Tun lokacin sanyi kake ce mini ana kan magana. Wace magana ce wannan da ba ta da ƙarshe?

Sannan mai kawo mana giya ya bi ta Kessler a jihar Utah. Ya ce suna gina sabon fili, kujeru na kankare, fitilu kamar rana, alhali ba su da kulob. Ni tsakuwa nake sayarwa, na san ba wanda yake zuba kankare sai an yi masa alkawari. Da ya faɗa, sai na tuna taron masu kulob na Disamba. Na hango ka a kusurwa da wasu mutum biyu masu fararen huluna kuna dariya, da na matso sai kuka koma hirar dusar ƙanƙara. Su waye?

Kakata da kakarka ciki ɗaya suka fito, shi ya sa nake tambayarka kai tsaye.

Ɗan'uwanka,
Orval Stensrud

*

California
Ƙarshen Yuni, 1978

Yaya Orval,

Na samu wasiƙarka, na kuma ji daɗin labarin Berniece. Ka gaishe ta, ka ce Corinne tana nan tana jiran bayanin yadda ake yin kek ɗin nan na tuffa. Mu ma lafiya, sai zafi da hayaƙin motoci. Batun kunne kuwa, akwai na'urar da ake maƙalawa yanzu, amma na san kafin ka saye ta sai ka fara zargin mai sayarwa.

Ka kwantar da hankalinka game da yarjejeniya. Renfro mutum ne mai jan ƙafa, kuma ba mu kaɗai yake da su ba. Ya yi ƙorafin fitilunmu, ya ce 'yan wasansa ba sa ganin ƙwallo da kyau a gefen dama, ya kuma yi maganar ruwan zafi a ɗakin wanka. Na ce masa za a gyara. Ka gyara, Yaya, ka bar mini sauran. Irin mutanen nan ba a yi musu magana yadda ake yi wa direban tipa.

A taron Disamba na gaisa da mutane da yawa, rabinsu da fararen huluna. Taron masu kulob ne, aikina ke nan in gaisa.

Akwai abin da ya fi wannan muhimmanci. Renfro ya ce mini Dewey ya faɗa wa mai duba lafiyar 'yan wasa cewa kafaɗarsa tana yi masa nauyi bayan jifa. Sun kashe dukiya a kan yaron nan, suna ganin nan da 'yan shekaru zai yi musu wasa a babbar gasa. Mai yiwuwa su umarci Koci Pavlik ya hutar da shi na wani lokaci. Idan hakan ta faru, don Allah kada ka sa baki. Na san abin zai taɓa cinikin tikiti, amma yaron nasu ne, kuma yadda muka riƙe shi, shi Renfro zai duba kafin ya sa hannu.

Ka huta, ka sayar da guggurunka, ka bar sha'anin ofis ga masu ofis.

Ƙanenka,
Leland

*

Harlow Bend
Tsakiyar Yuli, 1978

Leland,

Muna lafiya, da fatan ku ma haka. An yi ƙanƙara ta ɓata wa mutane alkama a arewacin gari, amma mu ba ta taɓa mu ba.

Ashe kai annabi ne ban sani ba. Wasiƙarka ta iso, bayanta da kwanaki sai ga umarni ya zo wa Koci Pavlik cewa Dewey ya ajiye ƙwallo. Na tambayi Koci ko ya san da maganar tun da farko, ya ce shi ma yanzu ya ji. To, yaya aka yi lauya yana California ya riga koci sanin ciwon yaron da yake kwana a gidana?

Bari in gaya maka abin da idona ya gani. Ranar Lahadi bayan coci na kai shi kogi, ya wuni yana wurga ƙugiya da hannun nan na hagu, ya kamo kifi har Berniece ta rasa inda za ta sa. Ya taimaka wa maƙwabcina loda damman ciyawa a mota. A kan tebur na dube shi na ce, "Dewey, tsakaninka da Allah, kafaɗar nan tana ciwo?" Ya ce, "Baba, ɗan tsami ne kawai, kowane mai jifa yana ji. Da na san za su zaunar da ni, da ban faɗa ba." Na kai shi wurin likitanmu na gari, wanda ya ɗora mini ƙafa lokacin da tipa ta danne ni, ya murɗa hannun sama da ƙasa ya ce babu abin da ya karye. Likitocin babban kulob kuwa ko ganinsa ba su yi ba, daga nesa suka yanke hukunci.

Yanzu ka zo ka ga fili. Tun da aka zaunar da shi muke shan kashi, mutane sun janye, kana iya jin kukan jariri daga wannan gefe zuwa wancan. Floyd mai aski, wanda yake mana sanarwa a lasifika, ya ce jiya ya ji kamar ya riƙa kiran 'yan kallo da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, tunda duk ya san su.

Na zauna na yi tunani irin na mai tsakuwa, tunda ba ni da irin na masu ofis. Idan mutum yana son a ɗauke kulob daga gari, me zai yi? Ba zai ce a ɗauke ba. Zai nemi abin da yake kawo mutane fili, ya sa a zaunar da shi a benci. Satumba ta zo, Renfro ya dubi kujerun da ba kowa ya ce Harlow Bend ta mutu, ga Kessler can da sabon fili. Ni in tashi da riguna da tukunyar gugguru, wani kuma a ba shi kaso a sabon wuri saboda wahalar da ya yi. Ban ce kai ba ne. Na ce idan mutum.

Na gyara fitilu, na sa tukunyar ruwan zafi sabuwa. Ka ce in bar sha'anin ofis ga masu ofis, in sayar da gugguru. Na karanta layin nan har na haddace shi. Lokacin da kulob ɗin mahaifinka yake shirin rushewa, masu ofis suna ina? Mai gugguru ne ya tsayar da shi.

Farkon Agusta za a yi baje kolin gunduma. Ka san ranar Lahadin nan ita ce ranarmu ta shekara, manoma da makiyaya duk suna gari da iyalinsu. Na riga na buga takardun talla da hoton Dewey tun kafin wannan shirme. Ina son abu biyu daga gare ka kafin ranar. Ka sa Renfro ya rubuto mini da hannunsa cewa shi ya hana yaron jifa, da dalilinsa. Sannan ka faɗa mini sunan masu fararen hulunan nan. Idan na ji shiru, na san abin da shirun yake nufi.

Orval

*

Harlow Bend
Agusta, 1978

Leland,

Ban sani ba ko kana lafiya, tunda ba ka ga dama ka rubuto ba. Kullum sai na leƙa gidan waya, har ma'aikaciyar ta fara girgiza mini kai tun daga ƙofa. Mu dai muna nan da rai. Berniece ba ta cika magana ba kwanakin nan.

Za ka ji labari daga bakin Renfro, to gara ka ji daga nawa, don na san yadda za a juya shi.

Ranar Lahadin baje koli fili ya cika har mutane suna zaune a kan motocinsu bayan katanga. Rana ta yi kyau. Tun daga ƙofa kowa tambayarsa ɗaya, "Orval, bahagon zai yi jifa?" Wani tsoho ya ce mini ya baro girbi ya tuƙo mota tun safe da jikokinsa don hoton da ya gani a takarda. Me zan ce masa? In ce wani mutum a California da bai taɓa taka garin nan ba ya hana?

Wasa ya yi nisa, ana cinmu, mutane sun fara tattara yaransu. Sai na sauka rumfar 'yan wasa. Koci Gus Pavlik ya miƙe ya ce, "Orval, fita. Mai kulob ba ya saukowa nan, ka fi kowa sani."

Na ce, "Bencin da kake zaune a kai ni na saya."

Ya ce, "To ɗauki bencinka ka tafi da shi. Yaron ba naka ba ne."

Na ce, "Zagaye ɗaya kawai, Gus. Mutanen nan su gan shi su tafi gida."

Ya ce, "Ina da umarni, kuma saura kaɗan in yi ritaya. Kada ka ja mini."

Na fita. Gaskiyarsa ce, rumfa tasa ce. Amma lasifika tawa ce. Na hau wurin Floyd na ce ya sanar cewa Dewey Tackett zai shigo. Ya rufe bakin makirfo da hannu ya ce, "Koci ya sani?" Na ce, "Wa yake biyanka a nan?" Ya ce, "Ba wanda yake biyana, Orval, burodi da tsiren sosej kake ba ni." Na ce to in yana son na gobe, ya yi magana. Ya yi.

Leland, da ka ji filin nan. Waɗanda suka kai ƙofa suka juyo. Mutane suka miƙe suna buga ƙafa a katako suna kiran sunansa, har rumfar sama tana rawa. Ban ja yaron nan da hannuna ba, kowa shaida ne. Shi ya tashi da kansa ya tuɓe rigar sanyi ya ce, "Koci, lafiyata ƙalau, ka bar ni." Pavlik ya dubi jama'a, ya ɗaga kai ya dube ni a sama, sannan ya miƙa masa ƙwallo.

Zagayen farko mutum uku suka zo da sanda, ukun suka koma ba wanda ya taɓa ƙwallo. Na ce a raina, ga kafaɗar da aka ce ta lalace. Da aka dawo, shi ya roƙa a bar shi ya ƙara. A jifa na biyu ƙwallo ta tashi sama ta daki ragar da ke bayan mai cafe ƙwallo, shi kuma ya durƙusa a kan tudun jifa, hannun yana lilo kamar ba nasa ba. Bai yi kuka ba. Filin ya yi tsit, har ana jin kiɗan lilon yara daga wurin baje koli.

Mutanen babban kulob sun ɗauke shi a jirgi zuwa wurin likitocinsu. Ni na kai shi filin jirgin da motata.

Kafin ka fara yi mini wa'azin lauya, ka tuna na roƙe ka takarda ɗaya daga Renfro. Da ta zo, da na yarda umarnin na gaske ne, ba shiri ba. Ka yi shiru, ka bar ni da hasashe. Kuma har yau ba ka faɗa mini su waye mutanen nan ba.

Orval

*

California
Farkon Satumba, 1978

Yaya Orval,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Berniece. Mahaifiyar Corinne ce ta faɗi ta karya ƙugu, muka tafi Oregon muka daɗe, wasiƙarka ta Yuli tana kan teburina a rufe har na dawo. Na kira ofishinka daga can don in ji lafiyarku, yarinyar da ke ɗaukar waya ta ce ka hana a haɗa ka da kowa a waya. Wannan shi ne shirun da ka fassara.

Likitoci sun buɗe kafaɗar Dewey. Abin da ya fara tsagewa tun Yuni ya ƙarasa yagewa. Wurga ƙugiya da ɗaukar ciyawa ba su ne jifa ba, Yaya, kuma ba ƙashi ne ya samu matsala ba balle likitan gari ya ji da hannu. Sun ce zai iya aiki da hannun, zai iya tuƙi, amma jifa irin na da, kada a sa rai. Dewey ya ce zai biyo ta wajenku ya kwashi kayansa.

Na riga Koci jin labarin ne don Renfro ya faɗa mini a kan abinci kafin ya aika umarni. Babu wani abu bayan wannan.

Na shiga ofishin Renfro ya bar ni a tsaye. Ya ce shekarunsa a wannan aiki bai taɓa jin mai kulob ya sa ɗan wasa a fili da lasifika ba. Da farko cewa ya yi sun gama da Harlow Bend. Na yi ta roƙo, na tuna masa da mahaifina. A ƙarshe ya ce zai sabunta bisa sharaɗi ɗaya: kada ya zama kana da kaso ko ta cewa a kulob ɗin. Yana son amsa kafin ƙarshen watan nan.

Ga shawarata. Ka sayar mini da kasonka a kan farashin da duk wanda ka yarda da shi ya yanke. Kulob ya zauna a hannun dangi, sunan ya ci gaba.

Tunda ka nace, zan faɗa maka. Mutanen Disamba daga Kessler suke. Su suka neme ni, sun sake nemana a bazara, na ci abinci da su. Na saurare su, don mai kaso yana da haƙƙin ya san darajar abin da yake riƙe da shi. Ban yi musu alkawari ba. Na ɓoye maka ne don na san halinka, ga shi kuwa ka nuna. Ba ni da niyyar ɗauke kulob daga Harlow Bend a yanzu.

Ka amsa da wuri. Wannan karon ka yarda da ni.

Ƙanenka,
Leland

*

California
Satumba, 1978

Yaya,

Da fatan lafiya ce ta sa na ji ka shiru. Wata ya kusa ƙarewa. Jiya na ga ɗaya daga cikin mutanen Kessler yana fitowa daga ofishin Renfro, kuma ba ni na kai shi ba. Idan rama shiruna kake yi, ka rama, na ji. Amma in lokaci ya wuce, ni da kai duka riguna za mu raba. Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

Leland

*

Harlow Bend
Oktoba, 1978

Ɗan'uwana Leland,

Gaisuwa, da fatan surukarka ta samu sauƙi. Ka yi mata sannu. Sanyi ya fara a nan, mun rufe ciyawar fili. Lafiyata ƙalau, aiki ne ya hana ni rubutu, yanzu kuma na gama shi.

A watan Yuni na yi maka tambaya ɗaya, ka ce kowa yana da farar hula. Sai a Satumba, da ka ga na faɗi ƙasa, ka tuna daga Kessler suke. A wasiƙar da ka ce in yarda da kai, a cikinta ka ce ba ka da niyyar ɗauke kulob a yanzu. Ni ma ba ni da niyyar mutuwa a yanzu. Mai yiwuwa zuciyarka fara ce, Leland. Ban sani ba, kuma na gaji da zama ina auna ta.

Renfro cewa ya yi in fita. Bai ce in sayar maka ba, wannan kai ka ƙara. Na sa Koci Pavlik ya tambaye shi, duk da Koci ba ya son ganina, ko zai yarda mutanen gari su karɓi kasona. Ya ce shi ko kare ne ya karɓa bai damu ba, muddin ba ni ba ne.

Sai na sa lauyan garinmu ya yanyanka kasona ƙanana-ƙanana, yadda mai wankin mota ma zai iya saye. Na kafa tebur a ƙofar shagon Floyd, ranar Lahadi kuma a zauren coci. Gida ɗaya, yanki ɗaya, ba a ƙara wa kowa ko nawa ya zo da shi. Manoma sun saya, malaman makaranta sun saya, mai akwatin gawa ya saya, direbobina sun saya. Wasu sun karɓi takardarsu ba su dube ni ba, ban damu ba, ba gaisuwa na fito nema ba. An kuma rubuta cewa ba za a ɗauke kulob daga garin nan ba sai masu kaso sun taru a Harlow Bend sun ɗaga hannu mafi yawansu. Renfro ya sa hannu a sabuwar yarjejeniya ranar Juma'a. Baɗi akwai wasa.

Kasonka yana nan ba wanda ya taɓa. Da kana da abokin tarayya ɗaya mai taurin kai, yanzu kana da ɗaruruwa. Idan da gaske kake, ba ka yi asarar komai ba. Idan kuwa akwai wata magana tsakaninka da Kessler, sai ka zo ka tsaya a gaban mutanen nan ka yi musu bayani da bakinka.

Dewey ya zo ya kwashi kayansa, hannu a rataye. Na ce masa akwai aiki a kamfanina duk ranar da yake so, ba na tuƙi ba ma, na ofis. Ya ce zai koma gida tukuna. Berniece ta cika masa jaka da abinci har ta ƙi rufuwa, ta rungume shi a tashar mota ta daɗe ba ta sake shi ba. Ni kuwa sai ya miƙo mini hannun dama ya ce, "Na gode da masauki, Mista Stensrud."

Shekaranjiya sababbin masu kulob suka yi taronsu na farko a zauren makarantar sakandare. Na je na zauna a baya, tunda ba ni da ƙuri'a. Sun zaɓi shugabanni, sun yi gardama a kan kuɗin giya kamar za su daku. Can sai Floyd ya miƙe ya ce yana da shawara, a ba Orval Stensrud kujera kyauta a fili har ƙarshen ransa, saboda shekarun da ya riƙe kulob da kuma abin da ya yi yanzu. Wasu suka tafa. Wata gwauruwa da take saukar 'yan wasa a gidanta kowace shekara ta miƙe ta ce, "Ni ba ni da ja a kan abin da ya yi wa gari. Amma yaran nan iyayensu amana suke ba mu. Wa zai ba Dewey kujera?" Aka ce a ɗaga hannu.

An ƙi, Leland. Ba da rata mai yawa ba, amma an ƙi. Kuma daidai suka yi, kulob ba ya rayuwa da kujerar kyauta, ni na koya musu haka. Zan sayi tikitina a taga kamar kowa.

Yankin gidanmu Berniece ce ta saya da kuɗin ƙwan kajinta, da sunanta. Tana zaune a layin gaba, ina ganin bayanta. Da aka ce waɗanda ba su yarda ba su ɗaga hannu, nata yana ciki, kuma ba ta sauke ba sai da aka gama ƙirga. Ban tambaye ta dalili ba. Mota ɗaya muka dawo gida.

Ka gai da Corinne da yara.

Ɗan'uwanka,
Orval Stensrud